Akori-kurar da Ke Kuka In Iya Gwamma Ta Shiga

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da mota ɗaya ke kwashe ƙauye guda zuwa kasuwa, da mutanensa da awakinsa da buhunansa. Sunansa Korau, bakanike ne. Garejinsa ba wani gareji ba ne, inuwar wata tsamiya ce a bayan tasha, sai akwatin sifanu, sai buzun salla da baƙin mai ya riga ya cinye wa gefe. Na baya ku bar hirar nan ku matso. Labarin mota ne, amma ba a kan mota zai ƙare ba.

Korau ba shi ne gwanin garin ba, wannan ku riƙe shi tun yanzu. Akwai waɗanda suka fi shi hannu, akwai waɗanda suka fi shi sauri, waɗanda suka fi shi baki kuwa ba sa ƙirguwa. Shi abin da Allah Ya ɗora masa son sanin dalili. Idan noti ya kwance, wani zai ɗaure ya sallame ka. Korau zai ɗaure, sannan ya tsuguna ya zuba masa ido yana tambayar kansa me ya kwance shi. Matarsa Hansai takan ce ko tuwo ne ya yi gudaji, sai maigidan ya bi diddigi ya ji ko daga garin ne ko daga wuta. Har 'yan tasha suka laƙaba masa suna, suna ce masa Korau Me-ya-sa, shi kuwa yana amsawa.

To, akwai wani direba ana ce masa Ilu, yana da wata tsohuwar akori-kura. Fentinta ya koɗe har ba mai iya rantsuwa a kan launinta na asali, ƙofar fasinja kuwa da igiya ake ɗaure ta. Amma tana tafiya. Duk ranar kasuwa ita ke bi ƙauyuka tun asuba ta ɗebo mutane, da yamma ta mayar da su.

Sai motar nan ta tsiro da wani hali. Masu mota a cikinku sun san abin da ake kira silo, wato idan mota na tsaye, direba ya ɗage ƙafa daga totur, injin na numfashi a hankali kamar mai barci. To ita wannan, Ilu zai ɗage ƙafa, maimakon ta kwantar da murya sai ta ɗaga. Ta yi ta kuka, injin na gudu, bututun hayaƙinta na kaɗawa, sai ka rantse wani ne ya taka totur ya ƙi ɗagawa, alhali ƙafar Ilu na gefe. Kuma ba kullum ba. Wannan kasuwa ta yi, kasuwa mai zuwa ta yi lafiya lau kamar ba ita ba. Abin da ya fi ba Korau mamaki, duk ranar da Ilu ya kawo ta gindin tsamiya, sai ta iso shiru, tana silo mai daɗin ji. Ilu ya yi ta rantsuwa cewa ɗazu-ɗazun nan take ihu. Korau ya ce ya yarda, ai ciwo ma yakan ɓuya in ya ga mai magani.

Ya fara da abin da kowa zai fara da shi. Ya kwance kafireto, wato inda mai da iska ke haɗuwa kafin su shiga injin, ya wanke shi tas ya mayar. Da Ilu zai tafi ya ce masa: "Na taɓa inda nake zato, amma ban ga ciwon da idona ba. Kada ka ce wa kowa na gyara." Aka yi kasuwa lafiya, aka sake wata, sai ga kuka ya dawo. Korau ya bi tiyo-tiyon da ke jikin injin ɗaya bayan ɗaya, yana kara kunne ko akwai inda ya tsage yana shan iska ta ɓarauniyar hanya. Ya sami wani da ya tsufa ya canza shi, kuka ya dawo. Ya ce ko sifirin ɗin da ke maido da totur ne ya saki, ya sa sabo. Ya ɗiga mai a cikin wayar totur ko tana cijewa. Ya duba cok, abin da ake ja in za a tada injin da sanyi, ko yana maƙalewa. Kowane karo maganarsa ɗaya ce, na taɓa, amma ban ga ciwon ba. Kowane karo kuma motar sai ta yi kwanaki ta ba shi kunya.

Yanzu ku saurara, ga inda mutum ya shigo cikin maganar ƙarfe.

A cikin fasinjojin Ilu akwai wata tsohuwa mai daddawa, Iya Gwamma. Aure ne ya kawo ta ƙasar daga nesa, mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu. Gidanta shi kaɗai ne a gefen hanya, a hayin wani ɗan kwari. Idanunta jajaye ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tukunyar kalwa ya san hayaƙi ne ya mayar da su haka. Ba kowace kasuwa take zuwa ba, sai daddawarta ta nuna. Amma ranar da ta zo, kafin azahar kwandonta ya koma wayam, don matan garin sun ce miyar da ba daddawar Gwamma ruwan zafi ce.

Wata ranar kasuwa motar ta iso ƙofar kasuwa tana kukan nan nata. Iya Gwamma ta sauka, Ilu ya sa giya zai wuce tasha, sai motar ta zabura ta afka cikin tukwanen wani mai tukwane. Allah Ya kiyaye ba ta taɓa mutum ba, amma tukwane sun zama sakaina. Jama'a suka taru. A cikinsu akwai Sarkin Tasha, mutum mai barkwanci, irin waɗanda ba sa iya ganin taro su bar shi bai yi dariya ba. Ya dubi Ilu ya ce: "Wai ni kam, ka lura motar nan ba ta kuka sai Iya Gwamma na ciki? Ko dai kurwar injin ta kama?"

Aka yi dariya. Wasa ya yi, wallahi wasa ya yi. Amma magana zarar bunu ce. Kafin a tashi kasuwa, wannan ya tuna, wancan ya tuna. Ai kuwa ranar kaza da ba ta zo ba, lafiya muka iso. Ai kuwa tana shiga take farawa. Ai kuwa tana sauka, kafin a kai tasha motar ta yi shiru. Kuma abin tsoron, duk abin da suka tuna gaskiya ne, ba wanda ya yi ƙarya a ciki. Da gaskiya guntu-guntu aka haɗa ƙaton ƙazafi, aka ce Iya Gwamma mayya ce.

Kun san abin da kalmar nan take yi wa mai sayar da abin ci. Kwandonta ya fara komawa gida yadda ya zo. Mata suna janye 'ya'yansu in ta gifta. A cikin akori-kurar da ko kaza ba ta samun wurin tsayawa, sai ga fili a gefen Iya Gwamma, hagu da dama. Ta ga filin, ta san ma'anarsa. Wa za ta gaya wa?

Ran nan da hantsi sai ga Sarkin Tasha a gindin tsamiya, Ilu na biye da shi kansa a ƙasa. Ilu yana son tsohuwar, ƙawar mahaifiyarsa ce, amma fasinja sun fara gudun motarsa, kuma da ita yake ci da iyali. Bayan an gaisa, Sarki ya kawo abin da ke tafe da shi. Ya ce mutane sun yanke shawara, ranar da tsohuwar ta sake zuwa za a ba ta ruwa a ƙwarya ta kuskure baki a gaban jama'a, a zuba a lagireto, inda ake zuba wa injin ruwa, yadda ake sa wanda ake zargi da maita ya yi don ya saki kurwar da ya kama. Kun ga tarkon? In ta kuskure, ta amsa laifi ke nan. In ta ƙi, an ce ta ƙi saki. Abu ɗaya ya rage musu, su ji daga bakin bakanike cewa ya duba ƙarfe bai ga komai ba.

Sarki ya sassauta murya ya ce: "Korau, sau nawa ka buɗe motar nan? An fara cewa hannunka ya mutu. Kai dai ka ce wannan ba ciwon ƙarfe ba ne. Ka fita kunya, mu ma mu san abin yi."

Kada ku ɗauka maganar ba ta yi wa Korau daɗi ba. Ta yi masa daɗi ƙwarai. Shi ma ya ji abin da ake faɗa a kansa, ya ga motocin da suka saba tsayawa a tsamiya suna wucewa gaba. Kuma in an bi ta wani gefen, ai ba ƙarya zai yi ba, ya duba duk abin da ya sani bai ga komai ba. Kalma ɗaya ce, ya faɗe ta ya huta, a ce ai Korau bai kasa ba, abin ne ya fi ƙarfin sifana. Sai ya tuna sunansa. Ku Hausawa ne, kun san wanda ake kira Korau, ɗan da aka haifa bayan an kori uwarsa daga gidan miji. Tasa uwar a kan wata magana aka kore ta da cikinsa, maganar da har ta koma ga Allah ba wanda ya tsaya ya bincika.

Ya goge hannunsa da tsumma ya ce: "Sarki, Allah ya ja zamaninka. Abin da na sani shi ne ban gano ba. In za a faɗa a tasha, a ce Korau ya kasa. Wannan gaskiya ce, kuma zan iya ɗaukarta. Amma ba zan ɗauki kasawata in rataya wa tsohuwa a wuya ba."

Ya roƙi a ba shi zuwa ranar da daddawarta za ta sake nuna. Sarki ya ce an ba shi, amma ya sani ranar ƙwaryar ruwa na nan a ajiye. Ya juya ya tafi, kuma bai ɓoye abin da ya ji ba. Kafin la'asar duk tasha ta ɗauka, Korau da bakinsa ya ce ya kasa.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa nauyi. Tsamiya ta zama wurin barcin awaki. Masu wucewa suna tsokanarsa, Me-ya-sa, yau me ya sa ba kowa? Hansai ta ce masa ita ba ta ce ya yi wa tsohuwa ƙazafi ba, amma da ya yi shiru, wa ya aike shi ya yi wa kansa shela? Ya ce mata shirunsa a wurin nan da amsawa duk ɗaya ne. Ransa ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba, har abinci ya rage ci. Amma ko cikin ɓacin ran, tambayar nan tasa ba ta bar shi ba. Me ya sa?

Ya kira Ilu ya zaunar da shi, ya ce yau ba bonet za mu buɗe ba, kai zan buɗe. Ya yi ta tambayarsa kamar alƙali. Da sanyin safiya take yi ko in ta ɗau zafi? Da lodi ko ba lodi? In an yi ruwa ko in an kwana biyu ba a yi ba? Ilu na amsawa, ba abin da ya tsaya. Can Korau ya ce, to da yamma fa, in za ku koma, ba a motarka tsohuwar take komawa ba? Ilu ya ce a ciki take komawa. Ya ce motar tana kuka? Ilu ya yi tunani, sannan ya ce a'a, bai taɓa jin ta yi da yamma ba, ko sau ɗaya.

Mace ɗaya, mota ɗaya, hanya ɗaya, da safe kuka, da yamma shiru. Ya kai wannan magana tasha yana murna, yana zaton ta isa. Kun san amsar da aka ba shi? Wani ya ce ai da safe take tashi da yunwa. Aka sake yin dariya. Nan ya gane wanda ya riga ya yanke hukunci, duk shaidar da ka kawo masa tasa ce.

Sai ya ce a ransa, tunda ciwon ya ƙi zuwa wurina, ni zan je wurinsa. Da labari ya zo cewa daddawar Iya Gwamma ta nuna, ya rufe akwatin sifanunsa, ranar jajiberin kasuwa, ranar da bakanike ke sa ran aiki, ya bi Ilu ƙauyensu ya kwana. Da asuba bayan salla aka yi lodi. Ilu ya ce ya shiga gaba, ya ce a'a, ya hau baya ya tsuguna tsakanin buhun gero da wani bunsuru, ya kasa kunne.

Mota ta kama hanya lafiya. A tsaya a ɗauki wannan, silo lafiya. A tsaya a ɗauki wancan, silo lafiya. Da aka zo daidai gidan Iya Gwamma, sai Ilu ya karya sitiyari ya sauka daga kan hanya. Ga ɗan kwarin nan da ruwan damina ya zaizaye ya yi zurfi, ba ya shiguwa kai tsaye sai a karkace. Ɗaya daga ƙafafun gaba ta faɗa, ɗayar ta ɗaga, jikin motar ya murɗe yana ƙara, mata na salati, sannan ta haura ta tsaya a ƙofar gidan. Ilu ya ɗage ƙafa, sai kuka.

Fasinja duk suka juya suka zuba wa ƙofar ido, ana taɓa juna. Korau shi kaɗai ya lura da abin da ke gaban kowa. Asabarin ƙofar ko motsi bai yi ba. Tsohuwar ba ta fito ba, ba ta ga motar ba, ba ta taɓa ta ba, amma injin ya riga ya fara. Tun farko haka abin yake, sai dai idon kowa na kan ƙofa, ba wanda ya taɓa tambayar wanne ya riga wanne.

Ya diro ya ce wa Ilu kada ya kashe, kada ya taɓa komai. Ya ɗaga bonet. Yau ga shi ga ciwon, ido da ido. Hannun kafireto a jaye yake, kamar an taka totur. Ya bi wayar totur da ido a hankali, har inda rigar wayar take zama cikin wani ɗan rami a jikin wani ƙarfe. Sai ya ga bakin rigar ya fito daga raminsa ya ɗare a kan gefe. Fitowar ba ta fi ƙwayar masara ba, amma ta isa ta ja wayar. Ya sa ɗan yatsa ya tura, ta koma, ƙas. Injin ya sauke murya nan take.

Ilu ya fara hamdala, ya ce shi ke nan an gama. Amma kun san da wa yake tare. Korau ya ce ba a gama ba, me ya fito da ita? Waya ba ta da ƙafa. Ya waiga ya ga taɓarya a jingine da dangar gidan, ya ɗauko ya zura ƙarƙashin injin ya danna. Sai injin ya ɗaga ta gefe ɗaya. Ashe robar da injin yake zaune a kai ta tsage gida biyu, amma in mota na tsaye a wuri mai kyau nauyin injin yana danne tsagar, ko ka haska fitila ba za ka gani ba. Sai jikin mota ya murɗe a kwari, injin ya karkata, ya fizgi wayar ta fito. Ya tambayi Ilu me ke tsakanin ƙofar kasuwa, inda tsohuwar ke sauka, da tasha. Ilu ya ce layin dogo. Korau ya yi dariya shi kaɗai. Girgizar tsallaka layin dogo ita ke mayar da wayar raminta, shi ya sa kullum motar ke iso tsamiya da lafiyarta.

Saura tambaya ɗaya. Ya ce wa Ilu, yaushe ka fara shigowa nan? Ilu ya ce tun farkon damina, da gwiwar tsohuwar ta fara ciwo, ya ga ba za ta iya hawa da kwando zuwa bakin hanya ba, shi ne yake shigowa har ƙofa. Da yamma kuwa kwandon ba nauyi, ita da kanta take cewa a sauke ta a hanya kada ta ɓata wa mutane lokaci. Kun ji. Tausayin direba da kawaicin tsohuwa, su aka haɗa aka kira maita.

Suna cikin haka Iya Gwamma ta fito, tana jan ƙafa, kwando a kai. Ta riga ta ji labarin ƙwaryar da ke jiranta. Ta dubi Korau ta ce: "Ɗan nan, in ruwan ne a ba ni in kuskure. Na gaji. In ya so su ƙyale ni in mutu a ɗakina."

Maganar ta soki Korau har ƙwalla ta taru masa. Ya sauke mata kwandon ya ce: "Iya, ba abin da za ki kuskure. Yau ki zauna ki huta da gwiwarki. Ni zan kai miki daddawar kasuwa."

To a nan wani zai ce, ai sai ya canza roba, magana ta ƙare. Korau ya yi tunanin haka, sai ya ga ramin da ke ciki. In ya gyara a ɓoye motar ta daina kuka, me za a ce? Za a ce ta ji tsoron ƙwarya ta saki. Gyaran ma sai ya zama shaida a kanta. Don haka ya bar robar yadda take, ya riƙe wayar a raminta da ɗan ƙulli har suka fita kwarin, ya hau baya ya rungume kwandon daddawa, suka nufi gari.

A tasha an taru, ga ƙwarya cike da ruwa a gaban Sarki. Aka ga mota ta iso ba tsohuwa, aka fara cewa ta gudu. Korau ya sauko ya ajiye kwandon can gindin tsamiya, nesa da mota. Ya ce kowa ya sauka. A bayan tasha akwai wani rami da magina suka ɗebi ƙasa, ya ce jama'a su biyo shi can, akwai abin da zai nuna musu.

Ku saurara da kyau, nan ne jarrabawa ta biyu, kuma a ganina ta fi ta farko wuya. Zuciya ta raɗa masa ya ce Sarkin Tasha ya shiga gaba ya zauna. Ku auna abin da zai faru in motar ta yi kuka Sarki na ciki. Da an yi dariyar da za a shekara ana yi, da Sarki ya ɗanɗani abin da ya dafa wa wani. Kuma wa zai ga laifin Korau, mutumin da aka mayar abin tsokana a tashar nan? Ya dubi Sarki, ya ga furfurarsa, ya ce a ransa ban zo in cire wa wata riga in sa wa wani ba. Ya kwance ɗan ƙullin da ya yi, ya karɓi makulli, ya shiga shi kaɗai.

Ya sauka ramin a karkace, jikin motar ya murɗe, ya haura ya tsaya, ya buɗe ƙofa ya fito ya bar ta. Motar ta kama kuka ba kowa a ciki, har na nesa suna toshe kunne. Ya tsaya a gabanta ya ce: "Jama'a, Iya Gwamma na gidanta, tana jinyar gwiwa. Ni kaɗai na shiga motar nan. In maita ce, to ga mayen a gabanku, a miƙo mini ƙwaryar."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ɗaga bonet ya nuna musu wayar, ya tura da yatsa, shiru. Ya fito da ita, kuka. Ya mayar, shiru. Ya sake fito da ita, ya ce duk mai so ya zo ya gwada. Sarkin Tasha ne ya fara matsowa, ya sa yatsansa ya tura, ya ji injin ya kwanta a ƙarƙashin hannunsa. Ya daɗe a sunkuye a wurin, fiye da yadda ake bukata don kallon waya.

Korau ya ce a ba shi ruwan nan. Aka miƙo masa ƙwaryar. Ruwan da aka tanada don a tozarta tsohuwa, da shi ya wanke baƙin man da ke hannunsa, sannan ya je gindin tsamiya ya buɗe kwando ya zauna. Ranar mutanen garin suka ga abin da ba su taɓa gani ba, bakanike na tallan daddawa. Wanda ya fara ɗauka Sarkin Tasha ne.

Da yamma, bayan an sa sabuwar roba, Sarki ya ce da shi za a koma. Motar ta sauka kwarin ta haura, ta tsaya a ƙofar Iya Gwamma tana numfashi a hankali. Sarki ya cire takalmi ya tsuguna, ya ce wasa ya yi, bai san zai kai haka ba, ta yafe masa don Allah. Tsohuwar ta dube shi da jajayen idanun nan nata. Ta ce: "Na yafe, Sarki. Amma in za ka sake irin wannan wasa, ka yi shi da mai dangi."

Ba zan ce muku komai ya koma yadda yake ba. Yawancin mata sun dawo wa daddawarta, filin da ke gefenta a mota ya cike. Amma akwai gidajen da har ta rasu ba su ƙara sa daddawarta a miya ba, don gaskiya ba ta kai duk inda ƙarya ta riga ta kai. Korau kuwa bai zama gwanin gari ba. Ya koma gindin tsamiyarsa, ana kawo masa aiki wata rana, wata rana a wuce shi.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Mutumin nan ba da gwaninta ya ceci tsohuwar ba, da "ban sani ba" ya cece ta. Ranar da aka ba shi zaɓi tsakanin sunansa da sunan wadda ba ta da kowa, ya zaɓi a ce ya kasa. Malamai sun ce faɗin ban sani ba rabin ilimi ne, ni kuwa na ƙara muku, wani lokacin shi ne katangar da ke tsakaninka da haƙƙin wani.

Mu dubi kanmu. Ciniki ya tsaya, sai mu ce tun da wane ya buɗe shago kusa da ni. Yaro ya kwanta ciwo, sai mu ce tun da wance ta ɗauke shi. Abu ya lalace a wurin aiki, sai ido ya tafi kan baƙon da ba shi da mai tsaya masa. Muna cewa ai duk ranar da ya zo sai abin ya faru, ba ma tsayawa mu tambaya ta wace hanya aka bi aka ɗauko shi. Allah Ya hane mu da yawan zato, mun sani, muna karantawa, amma zato ya fi bincike sauƙi, shi ya sa muke son sa. Kai mai barkwanci, kafin ka saki maganar da za ta ba majalisa dariya, duba a kan wa za ta sauka. Kai kuma da aka tambaye ka abin da ba ka gano ba, ka ce ban gano ba, ka ɗauki 'yar kunyarka. Ta fi sauƙin ɗauka a kan hawayen tsohuwa ranar da za a tsaya gaban Allah.

Allah Ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinsa, Ya ba mu haƙurin bin abu har tushensa. In akwai wata Iya Gwamma a unguwarku da kuka bar wa fili a gefenta, gobe ku je ku gaishe ta. Ku tashi mu yi salla.